Yadda ake haɗa bit ɗin rawa mai karkata a FL Studio, tun daga kik har fitar da shi

Akwai wani irin kiɗan na'ura da in ka kunna wa mutum karon farko zai ɗan yamutsa fuska yace wai meye wannan kuma, amma in ka kalli ƙafarsa zaka ga tana buga ƙasa shi bai ma sani ba. Shi nake so mu haɗa yau. Kiɗa ne na rawa, amma an saka masa sauti a inda kunne bai zata ba, wani abu yana kuka kamar kwaɗo, wani yana zuwa a makare kaɗan, wani kuma kamar murfin tukunya ya faɗi a tsakar gida, duk da haka ƙugun kiɗan yana nan daram. Ni wallahi wannan kiɗan ya fi kama ni akan wanda aka goge tas komai ya zauna a layi, saboda kana jin hannun mutum a cikinsa.

Abu ɗaya zaka riƙe tun daga farko, komai zaka karkata sai ka bar abu guda a miƙe wanda mai rawa zai dogara da shi. In ka karkata komai ka yi hayaniya, in baka karkata komai ba ka yi irin na kowa.

Mataki na farko: ka fara cika kunnenka

Kar ka buɗe kwamfuta tukuna. Ka ware kamar sati ɗaya kana saurare da iyafis, kana kirga bugu da yatsa. Ka nemi acid house na Chicago, labarinsa ma kaɗai darasi ne. Kamfanin Roland na Japan ya fitar da wata ƴar na'ura TB-303 a 1981 don ta maye gurbin mai kaɗa jitar bes, sai ta ƙi yin kama da jitar, kasuwa ta ƙi ta, aka daina ƙera ta a 1984, ta koma ana saida ta arha a shagunan kayan hannu. Wasu samari a Chicago masu kiran kansu Phuture, cikinsu akwai DJ Pierre, suka samu ɗaya, maimakon su matsa mata sai tayi bes na hankali sai suka dinga murɗa maɓallanta tana cikin kaɗawa, tana ta tsuwwa da kuka. Abin da ya fito shine Acid Tracks a 1987, kuma daga nan aka samu salon kiɗa guda sukutum. Kaga kenan abin da kamfani ya ɗauka aibi ne shi ya zama daɗin.

Bayan shi ka saurari footwork, shima na Chicago ne, yana gudu wajen bugu 160 a minti, kik ɗinsa, wato bugun babbar ganga mai kauri, baya zama wuri ɗaya. Ka saurari gqom na Durban a Afirka ta Kudu mai duhu da karyayyen bugu, da Shangaan electro na Nozinja mai gudun 180 da sautin marimba na ƙaramin kibod, da singeli na Darussalam a Tanzaniya wanda yake haura 200, masu kamfanin waƙa na Nyege Nyege a Kampala ne suka taimaka ya fita duniya. Sannan ka dawo kusa, William Onyeabor a Enugu ya tara sintisaiza a situdiyonsa yana buga fank na lantarki tsakanin 1977 da 1985, sai a 2013 da aka sake fitar da waƙoƙinsa a Amurka duniya ta farga. A Yamai kuma Mamman Sani ya ɗauki kiɗansa da ogan na lantarki ƙirar Italiya tun 1978, yana juya karin gargajiyar Nijar a kan na'ura. Duk wanda yace maka irin wannan abin ba namu bane ka kunna masa shi.

Kana saurare kana tambayar kanka abu biyu kawai, mene ne yake tsaye baya motsi a wannan kiɗan, mene ne kuma yake yawo.

Mataki na biyu: kayan aiki

Ba sai kana da situdiyo ba. Laftof mai RAM 4GB zata yi, 8GB ta fi, sai hedfon mai waya, kar kayi amfani da na bulutut saboda sauti yana makara. FL Studio, manhajar haɗa kiɗan da zamu yi aiki da ita, na gwajinsa kyauta ne, zaka iya haɗa kiɗa ka fitar da shi WAV ko MP3, matsalarsa in ka ajiye aikin ka rufe bazaka iya sake buɗe shi ba sai ka biya, don haka in shi kake amfani da shi ka zauna ka gama a zama ɗaya. In baka son wannan takurar akwai LMMS, kyauta ne gaba ɗaya, tsarinsa ya yi kusa da na FL, har da wani LB302 a ciki mai kwaikwayon waccan 303 ɗin. Maɓallai huɗu zaka haddace a FL, F5 filin jera kiɗa, F6 akwatin bugu, F7 Piano roll, F9 miksa. Sai Ctrl da S, ka dinga dannawa kamar numfashi, ni an taɓa ɗauke wuta batirin laftof ɗina ya riga ya mutu na rasa aikin awa biyar, har yau ban iya dawo da bes ɗin da nayi a daren ba kuma yana min ciwo.

Mataki na uku: gudu da ƙashin baya

Ka saka tempo, wato gudun kiɗa, a bugu 125 a minti. Na zaɓi wannan lambar ne don lissafinta mai sauƙi ne, ka raba 60,000 da 125 zaka samu 480, wato kowane bugu milisakan 480 ne, zamu buƙaci wannan a gaba.

Danna F6, zaka ga kowane layi yana da ƙananan akwatuna 16, wannan shine bar ɗaya. A layin kik ka kunna akwati na 1, 5, 9, 13. A layin tafi ka kunna 5 da 13. Buɗaɗɗen hai-hat, wato sautin faifan ƙarfen nan mai tsss, ka saka shi a 3, 7, 11, 15, wato tsakanin kik da kik. Danna sifes, dogon maɓallin kibod, ka ji. Wannan shine house na asali, bugu huɗu a ƙasa, babu wani abin mamaki a ciki kuma haka ake so a yanzu. Ka zaɓi kik gajere mai ƙarfi irin na na'urar ganga ta Roland 909, kar ka ɗauko na 808 mai doguwar jela don zai cinye wurin bes.

Yanzu ka yanke shawara wanne zai zama turke. Ga mai farawa ina bada shawarar ka bar tafin nan na 5 da 13 kar ka taɓa shi har ƙarshen waƙar. In tafi yana nan, kik zai iya yawo. Gwada ka kwafi fatan ɗin, wato wannan jerin bugun, ka canza kik zuwa 1, 4, 7, 9, 12, 15, wato uku-uku-biyu sau biyu, zaka ji nan take ƙugu ya fara juyawa maimakon tsalle. Ka ajiye duka biyun, miƙaƙƙen da karyayyen, zamu dinga musanya su.

Mataki na huɗu: karkatar da lokaci, nan ne ainihin aikin

A saman akwatin bugu akwai maɓallin Swing. Abin da yake yi shine yana jinkirta kowane akwati na biyu, na 2, na 4, na 6 haka har 16, sai bugun ya daina tafiyar soja ya koma rangaji. Amma bazaka ji aikinsa ba in baka da komai a waɗannan akwatunan, don haka ka fara cika rufaffen hai-hat a duka 16 ɗin, sannan ka murɗa maɓallin a hankali daga sifili. Wajen kashi 20 zuwa 40 zaka ji kafaɗarka ta fara motsi da kanta, to nan zaka tsaya. Kar ka dogara da lamba, ka rufe ido ka murɗa.

Sai ƙarfin bugu. Babu makaɗin da yake buga ganga da ƙarfi iri ɗaya sau 16 a jere. Ka tura hai-hat ɗin zuwa Piano roll, a ƙasa zaka ga sanduna tsaye, kowace sanda ƙarfin bugu ɗaya ce, ka rage wasu ka bar wasu, misali mai ƙarfi, mai rauni, matsakaici, mai rauni sosai, sannan ka goge guda biyu ko uku gaba ɗaya a inda ranka ya so. Ramin da ka bari yana da daɗi kamar bugun da ka saka.

Daga nan sai ka matsar da wasu da hannu. Ka riƙe Alt ka ja nota, zata fita daga layin da kwamfuta ta shata. Ka ɗauki wani ƙaramin bugu, sandar gefen ganga ko kacau-kacau, ka ja shi baya kaɗan, kamar milisakan 10 zuwa 20, ya dinga zuwa a makare kamar mai jan takalmi. Wani kuma ka turo shi gaba ya dinga riga kowa. J Dilla na Detroit da haka ya yi suna, yana kashe gyaran lokaci na na'urarsa ta MPC ya buga da yatsa ya bar shi yadda ya faɗo. Kawai ka kiyaye, abu ɗaya ko biyu zaka matsar, kik na akwatin farko da tafi su zauna inda suke.

Ga dabarar da na fi so duk cikinsu. Ka ɗauki sauti ɗaya gajere ka saka shi duk bayan akwati uku, 1, 4, 7, 10, 13, 16, kar ka koma farko in bar ya ƙare, ka cigaba da kirgen uku a bar na biyu zai faɗa 3, 6, 9, 12, 15, a na uku 2, 5, 8, 11, 14, sai a bar na huɗu ya dawo gida kan 1. Kaga kik yana kirga huɗu shi yana kirga uku, suna rabuwa suna haɗuwa duk bayan bar uku. Duk wanda ya taɓa tsayawa ya saurari mata biyu ko uku suna lugude a turmi ɗaya ya san wannan jin, kowace taɓarya da lokacinta, wata na sauka wata na tashi, ga tafi a tsakani in an cilla taɓarya sama, amma dakan guda ne. Kunnenmu ya riga ya saba da shi tun muna yara, a kwamfuta ne kawai muke mantawa.

Mataki na biyar: ka fita da waya ka ɗauko sautinka

Dalilin da yasa bit ɗin yara da yawa yake kama da juna shine kowa fakitin sauti ɗaya ya sauke. Ka ɗauki wayarka ka buɗe rikoda. Cokali a jikin kofin shayi, murfin langa, ƙwarya a kife a kan ruwa, ƙarar ƙyauren kwano, almakashin tela, ledar fiya wata in an murza ta, hon ɗin adaidaita daga nesa. Ka kusanto da waya kamar taƙi ɗaya, ka buga abin sau biyar ko shida da ƙarfi daban-daban, ka bar shiru tsakani. Da sassafe ko dare ya fi, kafin janareto su tashi. In muryar mutum zaka ɗauka ko makaɗi ka nemi izininsa ka gaya masa abin da zakayi da ita, kuma kar ka yanko waƙar wani ka saka, ranar da kiɗan ya karɓu ranar rigima zata fara.

Ka tura fayil ɗin kwamfuta, ka buɗe shi a Edison ko Audacity, ka yanke kowane bugu daidai inda ya fara kar ka bar iska a gabansa in ba haka ba zai dinga makara ba da son ranka ba. Ja shi zuwa akwatin bugu. Yanzu wasa ya fara, ka sauke muryarsa ƙasa da mataki 12, wato maɓallan fiyano 12, ka ji cokalin shayi ya koma kamar ƙararrawar coci, ka ɗaga ƙwarya sama ta koma kamar ɗigon ruwa, ka danna Reverse ya dinga zuwa ta baya kamar ana zuƙe shi. Na taɓa ɗaukar ƙarar famfon burtsatse na unguwarmu, wannan ƙiiiƙ da hannun ƙarfen yake yi in ya sauka, na yanka shi gida uku na saka a wancan kirgen na uku-uku, ƙanwata tana shara a tsakar gida ta tsaya da tsintsiya a hannu tace yaya wannan ai famfonmu ne, kuma bata daina gyaɗa kai ba har ya ƙare. Tun ranar na daina sauke fakitin sauti barkatai.

Mataki na shida: bes mai magana

Buɗe 3x Osc, sintisaizar da ta zo cikin FL mai tushen sauti uku. Ka saka na farko a kan zanen haƙorin zarto, sauran biyun ka rage su zuwa sifili. A saitin tashar ka kunna Mono da Porta, ka ɗan ɗaga Slide, wannan zai sa in nota ta bi nota sai murya ta zame daga wannan zuwa waccan maimakon ta yi tsalle. In LMMS kake ko kana da Transistor Bass to sun zo da wannan a shirye.

Wajen zaɓen nota kar ka wahalar da kanka, ka tsaya kan baƙaƙen maɓallan fiyano kawai, guda biyar ne, kuma ma'aunin murya biyar shine wanda yawancin kiɗanmu na gargajiya yake tafiya a kai, da wuya ka buga wadda zata yi tsami. Ka fara da D# a ƙasa, ka maimaita ta da yawa, ka dinga leƙa F# da G#, lokaci-lokaci ka cilla ɗaya sama da mataki 12 ta dawo. Notocin su zama gajeru, kuma ka guje wa akwatunan da kik yake, ka zauna a ramukan tsakani. Ka tuna yadda mai kalangu yake matse tsarkiya a hammata murya ta hau ya saki ta sauka har ka ji kamar magana yake, to haka zamewar nan zata yi aiki, guda biyu ko uku a bar sun isa.

Sai filta, wato matatar da take rufe ko buɗe kaifin sauti. Ka tura bes ɗin miksa ka ɗora masa Fruity Filter, ka ɗaga Resonance sama da rabi, ka kunna kiɗa ka dinga murɗa Cutoff sama da ƙasa. Wannan kukan kwaɗon da kaji shine acid. Danna dama akan maɓallin Cutoff ka zaɓi Create automation clip, zai baka layi a filin jera kiɗa, ka zana shi yana hawa a hankali tsawon bar 16 sannan ya faɗo. Ko kuma, wanda ya fi min, ka danna rikodin ka murɗa da linzamin kwamfuta kai tsaye, rawar hannunka zata shiga ciki. Ka ƙara masa Fruity Fast Dist kaɗan don ya fito a sifikar waya, waya bata iya fitar da ƙasan bes, wannan ƴar ƙazantar ce take sa a ji shi.

Mataki na bakwai: amsa-kuwwa

A kan sautin da ka ɗauko da waya ka saka Fruity Delay 3, lokacinsa akwati uku, a tempo ɗinmu akwati ɗaya milisakan 120 ne, uku kenan 360. Maimaicin ya tsaya wajen kashi 30 zuwa 40. Reverb kuma, wato amon da yake sa sauti kamar a cikin babban ɗaki, ɗan kaɗan, ga tafi da ƙananan sautuka kawai, kik da bes a bar su a bushe.

Mataki na takwas: jera shi ya zama waƙa

Nan ne mutane da yawa suke maƙalewa, su yi bar huɗu mai daɗi su yi ta jinsa har asuba. Danna F5 ka shimfiɗa komai tsawon bar 96, a 125 zai baka minti uku da ƴan sakanni, sannan ka koma sassaƙa wato gogewa. Bar 16 na farko kik miƙaƙƙe da hai-hat da sautin wayarka kawai. A 17 tafi da bes su shigo filta a rufe. Daga 33 ka fara buɗe filta, ka shigo da kirgen uku-uku. Wajen 49 ka cire kik gaba ɗaya na bar takwas ka bar bes yana kuka shi da tafi, mutane zasu ɗaga kai suna jira, in kik zai dawo a 57 ka dawo da karyayyen nan na uku-uku-biyu maimakon wanda suke tsammani. Wannan wurin shine zuciyar waƙar, ka bashi lokaci, ka saurare shi sau ashirin in ta kama. Daga 81 ka dinga zare kaya ɗaya bayan ɗaya har ya rage ganga zalla don DJ ya samu inda zai haɗa da ta gaba.

Duk bar takwas wani abu ya canza ko da ƙarami ne, kuma sau ɗaya ko biyu a waƙar ka saka abin da bazai sake dawowa ba, shiru na bugu ɗaya cur, ko tari, ko hon ɗin nan a juye. Mai saurare zai mayar da waƙar baya don ya tabbatar da gaske ya ji.

Mataki na tara: miksin da gwaji

Ka sauke komai ƙasa, ka ɗaga kik shi kaɗai har ya kai wajen -10 dB, sai bes, sai tafi, sauran su biyo baya, babban layi kar ya wuce -6 kuma kar ka bari ya taɓa ja. Duk abin da ba kik ko bes ba ka saka masa Parametric EQ 2 ka yanke ƙasa da 150 Hz, musamman abin da ka ɗauka da waya don yana zuwa da gurnanin iska. In kik da bes suna danne juna ka haɗa su da Fruity Limiter ta hanyar saidcen, duk sanda kik ya buga bes ya ɗan sunkuya. Kuma dan Allah ka rage ƙarar hedfon, duk minti 45 ka cire ka huta, kunne in ya gaji ƙarya yake maka, in kuma ya lalace babu gyara.

Danna Ctrl da R ka fitar da WAV, ka ƙara fitar da MP3 a 320. Ka tura wayarka ka ji a sifikarta, ka ji a ƙaramar sifikar bulutut, in da hali ka roƙi mai shagon caji ko mai saida sifiku ya saka maka a babba na minti ɗaya. Ka tsaya gefe kar ka ce naka ne, kar ka tambayi kowa ra'ayinsa, ƙafafu da kafaɗu zaka kalla. In an yamutsa fuska kuma jiki na motsi ka bar shi haka. In an yamutsa fuska jiki a tsaye, ka koma gida ka buɗe Piano roll, cikin abubuwan da ka matsar da Alt ka mayar da guda ɗaya kan layi, ka rage Swing da kashi biyar, ka sake fitarwa ka kai masa gobe da yamma.